Arba'in da Bakwai ɗin Rediyo

Litinin, bayan la'asar

Akwai abin da na sani wanda ban gaya wa kowa ba. Rediyo ba ta faɗi jarrabawa ba.

Kowa a gidan nan ya ɗauka ta faɗi. Baba ya ɗauka, Umma ta ɗauka, Yaya ya ɗauka, ita kanta ma ta ɗauka. Ni kaɗai na san ba haka ba ne, kuma bakina a rufe yake. Dama sun saba ganin sa a rufe.

Rediyo 'yar Gwaggo ce, ƙanwar Baba. Yaya ne ya sa mata sunan, domin tun da ta shigo gidan nan ba a taɓa kashe ta ba. Ita kuma ta sa mini Bebiya, har Umma ta fara kira na da shi da wasa. An kawo ta ne lokacin da aka kai Gwaggo can wurin. Ba a faɗin sunan wurin a gabanmu. Aka ce kwana kaɗan za ta yi. Yanzu rabin katifata nata ne, ƙusar da nake rataye jakata tata ce, matajina kullum cike yake da gashinta.

Tare muka yi jarrabawar gama firamare, wadda yara suke yi ko'ina a rana ɗaya. Sakamakon ya zo a 'yar takarda, suna a sama, lamba ɗaya babba a tsakiya. Tawa casa'in da uku. Tata arba'in da bakwai.

Baba ya dawo daga shagonsa na gyaran firij, hannunsa duk baƙin mai, ya riƙe takardata da gefen yatsu don kada ya ɓata ta. Ya ce, “Casa'in da uku cikin ɗari. Bakwai kacal ta kuskure.” Sai ya ɗauki tata. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Ke kuwa ko rabi ba ki kai ba.”

Dama sun yi magana da Baffanta, wan babanta. In ta ci, za ta zauna a nan mu shiga sakandare tare. In ta faɗi, Baffa zai zo ya tafi da ita, matarsa tana neman mai taya ta aiki.

Ina so ta tafi. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Talata, da safe

Katifa a rana kuma. Umma ta ce ruwa ne ya zube. Kullum ruwa ne yake zubewa, kuma kullum a gefen Rediyo.

Laraba, bayan azahar

Bari in rubuta yadda na sani, ko zai daina yi mini yawo a kai.

Ranar da aka raba takardun, Rediyo ba ta je makaranta ba. Da safe Baba ya tafi da ita can ganin Gwaggo. Ni na karɓo mata tata. Kafin a raba, Malamar Lissafi ta fitar da mu fili ta ce mu jeru bisa tsawo, dogaye a gaba, gajeru a baya. Muka yi ta ture-ture. Sai ta kama hannun wani yaro a tsakiyar layi ta ce, “Juya ka ƙirga mutum nawa ne a bayanka.” Ya ƙirga. Ta ce, “To wannan ita ce lambar da za ku gani. Ba maki ba ne. Ba yawan amsar da kuka ci ba ne. A ce an jera duk yaran da suka yi jarrabawar nan, an ɗebo ɗari daga cikinsu, wanda ya fi ci a gaba. Lambarka ita ce yawan waɗanda suke bayanka.”

Wani ya ce, “Malama, wanda ya samu hamsin fa?”

Ta ce, “Yana tsakiyar layi daidai. Ya fi rabi, rabi sun fi shi. Wannan ba faɗuwa ba ce. Sakandaren nan ta bayan asibiti tana ɗaukar duk wanda ya kai arba'in.”

Da aka tashi ta kira ni. Ta ce, “Ki gaya wa Babanku ku biyun kun samu shiga. Ya je ya sa muku hannu kafin a rufe.” Na gyaɗa kai.

A gida na ce Malama ta ce a je a sa mini hannu. Ban yi ƙarya ba. Na dai rage.

Alhamis, da yamma

Muna ɗaure ledojin ƙanƙarar Umma a gindin firiza, ni da Rediyo. Ni na ɗaure, ita ta yi ta zuba. Hannuna har ya daina jin komai don sanyi.

Ta ce, “Bebiya, a makarantar masu ƙwaƙwalwa ma haka za ki riƙa yi? Malam ya ce miye sunanki, ki ce mmm?” Ta sunkuyar da kai, ta karkata wuya, ta kama bakin mayafi tana murzawa. Haka nake yi, na sani. Yaya ya yi dariya har ya ƙware da ruwa.

Umma ta ce, “Ku bar mini 'yata.” Amma ita ma tana dariya. Daga baya ta ce mini wasan taubasai ne, kada in sa a rai, kuma in riƙa haƙuri da ita saboda halin da take ciki.

Halin da take ciki. Ni ba ni da hali, ba na cikin komai.

In aka jera yara ɗari marasa kunya, casa'in da tara ne za su kasance a bayanta.

Juma'a, kafin magariba

Baba ya sa takardata a leda ya tafi da ita shago. Duk wanda ya kawo firij sai ya nuna masa. Na kai masa abinci na tarar yana gaya wa mai walda na kusa da shi, “Bakwai kacal ta kuskure.” Mai walda ya ɗaga tabaransa ya dube ni ya ce, “Wannan shiru-shirun? Ashe likita muke da ita a unguwa.”

Baba bai taɓa yin maganata a gaban mutane ba. Ban san yana da irin wannan muryar ba.

Tambaya sittin ce a jarrabawar, ba ɗari ba. Kuma shafin ƙarshe ko taɓa shi ban yi ba, lokaci ya ƙare ina tsakiyar wani lissafi na jirgin ƙasa. Ba bakwai na kuskure ba. Sun fi haka da yawa. In na buɗe baki a kan tata, na buɗe a kan tawa.

Asabar, da hantsi

An ɗauke wuta, ƙanƙara ta narke, Umma ta huce a kaina. Rediyo tana ɗaki tana waƙa.

Lahadi, bayan azahar

Na gwada Yaya, in ga ko zai gane. Shi ne mai karanta wa Baba duk takardar da ta shigo gida, yana ji da kansa kamar shi ya ƙirƙiro boko.

Na ce, “Yaya, da a ce jarrabawar ta yi wuya sosai, kowa ya ci kaɗan, akwai wanda zai samu casa'in?”

Ya ce, “Ta yaya? In ka ci kaɗan ka samu kaɗan. Ke anya ba takardar wani aka ba ki ba?”

Na koma wanke-wanke. Hankalina ya kwanta. Sai kuma na tarar kwano ɗaya nake ta cuɗawa, ban san dalili ba.

Talata, da la'asar

Baba bai samu zuwa ba, an kira shi can wurin tun da safe. Yaya ne ya kai ni sakandaren aka sa mini hannu. Wani magatakarda ne a bayan taga, bai ɗago kai ba, ya karɓi takardata ya buga hatimi. Ya ce ranar Juma'a ta mako mai zuwa za a rufe.

A layi na ga 'yar mai burodi, 'yar ajinmu. Na san lambarta, arba'in da huɗu, domin ta yi ta ihun murna ranar. Ana gwada mata rigar makaranta. Ta hango ni ta ɗaga hannu ta ce, “Ina Rediyo? Ba tare kuka zo ba?”

Na ja hannun Yaya na ce ina jin fitsari. Ya ce, “Sai ka ce jaririya.”

Sa'a ɗaya da na yi, Rediyo ta daina fita tun da sakamako ya fito. Ko shago aka aike ta sai ta ce ƙafarta na ciwo. Ba ta son haɗuwa da 'yan aji. Ita da bakinta ya fi na kowa.

Laraba, da safe

Katifa a rana.

Alhamis, da yamma

Baba ya dawo daga can bai ci abinci ba. Shi da Umma suka shiga ɗaki suka tura ƙofa. Na ji Umma tana cewa, “To ko gane ka ta yi?” Ban ji amsar ba.

Rediyo tana tsakar gida tana ba firiza labari, domin babu mai sauraron ta. Wai mamarta in ta dawo za su koma gidansu mai baranda, za a saya mata gado nata ita kaɗai, ba irin wannan katifar mai warin Bebiya ba.

Warin wa? Na kusa faɗa. Ya zo har bakina. Da na faɗa da ta mutu don kunya a gaban Yaya. Ban san me ya hana ni ba. Ba tausayi ba ne.

Asabar, bayan la'asar

Baffanta ya zo da matarsa. Shi dogo ne, yana ta duba agogo. Ita kuwa ba ta zauna sosai ba, a bakin kujera ta ɗosana, jaka a cinya.

Ta ce, “Zo nan, 'yata.” Ta kama hannuwan Rediyo ta juya su, ta duba tafin, ta duba farce. Ta ce, “Kin iya goyo? Biyu ne ƙanana, na ukun yana hanya. Wanki fa? Ina fatan ba kya da nauyin barci.”

Baba ya ce, “Da dai an bar ta ta sake gwadawa baɗi.”

Baffa ya ce, “Ai mun yi magana da kai. Ka yi iya ƙoƙarinka, ga ɗawainiyar uwarta a kanka. Ba kowane kai ne na karatu ba. Arba'in da nawa ma aka ce?”

Yaya ya ce, “Da bakwai.”

Baffa ya ce, “To ka gani.” Sai ya juyo gare ni. “Wannan ce mai casa'in ɗin? Kin kyauta. Da kin ɗan sam wa 'yar'uwarki goma.” Suka yi dariya. Ina tsaye da farantin kofuna. Na ajiye su na fita.

Rediyo ba ta ce komai ba tun daga shigowarsu har fitarsu. Ko gaisuwar a ciki ta yi ta. Na daɗe ina roƙon ranar da za ta yi shiru. Ban ji daɗinsa yadda na zata ba, kuma wannan ma laifinta ne.

Ranar Alhamis za su turo mota.

Lahadi, da hantsi

Ranar ziyara. Tun da safe Rediyo ta tsare ni a ɗaki, ta rufe ƙofa da bayanta.

Ta ce, “Ara mini takardarki.”

Na ce, “Ta me?”

“Ke ma kin sani. Kawu ya dawo da ita daga shago jiya, tana cikin jakarki. Zan nuna wa Mamana. Zan ɗora yatsa a kan sunan.”

Na ce a'a. Ni da kaina na ji muryata ta fito da ƙarfi.

Ta ce, “Ashe kina magana. Ki ara mini, Bebiya, ba cinyewa zan yi ba. Duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni. Wani lokaci ba ta san Kawu ba, amma ba ta manta jarrabawar nan ba.”

Na ce a'a.

Ta ture ni ta zazzage jakar a kan katifa ta ɗauka. Na yakushe ta a hannu. Ba ta rama ba, ta sa takardar a cikin riga ta fita. Ban kai ƙara ba. In na kai wa zan gaya wa, kuma me zan ce?

Ɓarauniya. Ɓarauniya. Ɓarauniya.

Lahadi, kafin magariba

Ta dawo mini da ita a cukuikuye. Ledar ta yage, gefe ɗaya ya jiƙe, lambar tara ta ɗan goge.

Na ce, “Dubi abin da kika yi.”

Ta ce, “Ba ni ba ce. Riƙewa ta yi ta ƙi saki. Sai da mai kula da su ta ɓamɓare mata yatsu.”

Ta zauna a gefenta na katifa tana cire takalmi. Ta ce, “Ta ce dama ta sani. Ta ce ni irinta ce, ita ma lissafi ne abinta. Ta gaya wa duk matan ɗakin.” Ta yi 'yar dariya. Sai ta ce, “Ke da kike da ƙwaƙwalwa, gaya mini gaskiya. Ni daƙiƙiya ce, ko? Na zata na yi ƙoƙari fa. Har shafin ƙarshe na yi.”

Har shafin ƙarshe ta yi.

Na ce, “Ni ban sani ba.” Na ɗauki bokiti na fita.

Litinin, da safe

Umma ta fito da akwatin Gwaggo daga ƙarƙashin gado ta goge shi. A ciki za a sa kayan Rediyo. Ta wanke mata komai, har da leda mai kauri ta ninke ta sa a ƙasan akwatin, don Rediyo ta riƙa shimfiɗawa a kan katifa a can. Ta ce, “Matar nan ba za ta yi mata haƙurin da muke yi ba.” Da kanta take magana, ba da ni ba.

Ƙusata ta dawo hannuna. Na rataye jakata. Bangon ya yi wani iri.

Litinin, bayan azahar

Ba na son ta. Ba na son muryarta, ba na son yadda take tauna, ba na son yadda Umma take zuba mata nama fiye da nawa tana zaton ban gani ba. Ba ni na kai Gwaggo can ba. Ba ni na sa babanta ya yi abin da ya yi ba. Ba ni na ce Baba ya karanta lamba a karkace ba. Kowa yana da ido. Yaya ya yi shekara huɗu a sakandare, shi me ya hana shi sani?

Na gwada gaya wa Umma muna ɗaure ƙanƙara. Na ce, “Umma.” Ta ce, “Na'am.” Na ce, “Ledar ta kusa ƙarewa.”

Talata, da la'asar

Umma ta aike ni sayen leda, na zarce makarantarmu ta da. Ana hutu, amma malamai suna ofis. Malamar Lissafi tana cin gyaɗa tana duba wasu takardu.

Na tsaya a bakin ƙofa har ta gaji ta ce, “Shigo mana, ko sai an shimfiɗa miki darduma?”

Na ce ina so in san amsa nawa na ci. Ta duba ta ce, “Arba'in da ɗaya cikin sittin.” Na ce Rediyo fa. Ta ce, “Talatin da biyu. Tambaya tara ce tsakaninku. A tsakiyar layi mutane suke cunkushe, amsa ɗaya sai ta tsallakar da yaro mutum shida ko bakwai. Yarinyar da ta yi jarrabawa a satin da aka ɗauke uwarta, ta tsaya a tsakiya, ai ta yi abin a yaba. An sa mata hannu dai ko?”

Na kama bakin mayafina.

Ta ajiye gyaɗar. Ta ce, “Ke. Ɗago ki dube ni. Kin isar da saƙona?”

Na ce, “Rabi.”

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na gaya mata maganar mota, da ranar Alhamis, da matar Baffa. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban babba ba. Na ce ko za ta je ta gaya wa Baba, ta ce kuskure aka yi a ofis, yanzu aka gano.

Ta ce, “Zan iya zuwa. Amma ba zan ce ofis ya yi kuskure ba, domin bai yi ba. In ya tambaye ni me ya sa bai ji ba tun farko, zan ce na aika. Zai tambayi wa na aika. Kuma in na bayyana masa tata, sai na bayyana masa taki, ba zai sake cewa bakwai kika kuskure ba. Kin gane?”

Na ce na gane.

Ta ce, “Ban san shagon nasa ba, kuma ba zan bi titi ina tambaya ba. Gobe da safe ina nan. In kin zo kin raka ni, mu je. In ba ki zo ba, ranar Alhamis zan nemi gidanku da kaina, sai dai ban san ko zan riga motar ba.”

Na dawo ban sayo ledar ba. Umma ta ce wai casa'in da ukun nan a takarda kawai take.

Talata, bayan magariba

Akwatin yana bakin ƙofa a ɗaure. Rediyo ta ce in ta tafi in riƙa magana da bango don kada bakina ya yi tsatsa.

Baba zai sani. Mai walda zai ji, bangon shagon langalanga ne. Ita ma za ta sani, kuma ba za ta bar maganar ba har mu tsufa. Za ta gaya wa duk 'yan sabon ajin tun ranar farko, da muryata, da karkata wuya. Shekara shida a makaranta ɗaya, katifa ɗaya.

Na gaya wa Umma gobe da sassafe zan koma sayen ledar. Na wanke mayafina na shanya. Hanyar bayan asibiti za mu bi da Malama, ta fi kusa da shagon.